Yaro Mai Ciwon Turet da Waswasi: Abin da Ake Ƙyalewa da Abin da Ba a Biye Masa

Da ido abin yakan fara. Yaro ɗan shekara 5 ko 6 ya kama ƙifta ido da ƙarfi, ba ƙaƙƙautawa, kamar ƙasa ta faɗa masa. A saya masa maganin ɗigawa, a kai shi a auna idon, a ce ƙalau yake. Bayan wata biyu ƙiftawar ta tafi don kanta, sai jan hanci ya maye gurbinta, ko gyaran murya, a koma neman maganin mura. Sannan ɗaga kafaɗa, sannan fizgar wuya. Kowanne ya zo ya yi zamaninsa ya wuce, wani ya dawo. Yana kaiwa shekara 9 ko 10 sai wani abu na daban ya shigo. Ya tsuguna alwala ya ƙarar da buta uku. Ya fito daga ɗaki ya koma ya sake fitowa, don ƙafar da ya fara sakowa ba ta yi masa daidai ba. Ya tambayi mahaifiyarsa sau ashirin ko hannunsa ya taɓa najasa.

Ciwo biyu ne suka haɗu a jikin yaro ɗaya: ciwon Turet, da ciwon waswasi, wanda a asibiti ake taƙaita sunansa da OCD. Suna yawan tafiya tare, har sukan yi kama a ido, amma abin da kowannensu yake buƙata daga mutanen gida ya saɓa wa na ɗan'uwansa. Fizga, wato motsi ko sautin da Turet yake sawa, kau da kai ake yi daga gare ta. Waswasi kuwa tsayuwa ake yi a ƙi biye masa. Yawancin gidaje, saboda tausayi da rashin sani, juya abin suke yi: a tsawata wa yaro a kan fizgar da ba shi da iko da ita, sannan a ɗebo masa buta ta huɗu.

Yadda Turet yake

Sunan ya fito ne daga wani likitan jijiyoyi Bafaranshe, Jil de la Turet, wanda a 1885 ya rubuta bayanin marasa lafiya 9, lokacin yana aiki a ƙarƙashin malaminsa Sharko a asibitin Salfetiriyar na birnin Faris. Abin da muke kira fizga a nan shi ne motsi ko sauti mai zuwa farat ɗaya, mai maimaituwa, wanda yaro bai yi niyyarsa ba. Akwai ta jiki, kamar ƙifta ido, murguɗa baki, ɗaga kafaɗa, tsalle ko taɓa abubuwa. Akwai ta murya, kamar jan hanci, gyaran murya, tari marar dalili, gurnani ko maimaita kalmar da ya ji. Likita ba ya kiran abin Turet sai an sami fizgar jiki iri biyu ko fiye, da ta murya aƙalla ɗaya, sun wuce shekara guda ko da suna ɗaukewa suna dawowa, kuma sun fara kafin shekara 18. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna shi. Da tarihi da kallo ake gane shi.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 162 yana da shi, kuma maza sun ninka mata sau 3 zuwa 4. Ya fi tsananta tsakanin shekara 10 da 12, daga nan a wajen yara da yawa sai ya fara sauka. Ashar da batsa da ake danganta ciwon da su, kusan 1 cikin 10 ne kawai suke yi, kuma wanda yake yi shi ya fi kowa jin kunyarsa.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu cibiyoyi da aikinsu tace motsi ne, su bar wanda aka yi niyya ya wuce, su tare sauran, kamar mai gadi a bakin ƙofa. A Turet tacewar ce take da rauni, kuma sinadarin dofamin yana da hannu a ciki. Hanyoyin da waswasi yake bi maƙwabtan waɗannan ne, shi ya sa tsakanin sulusi zuwa rabin masu Turet sukan haɗu da shi. Abin yana bin jini. Idan aka bincika sai a tarar akwai kawu mai yawan gyaran murya, ko gwaggo mai daɗewa wurin alwala. Wannan ba dalili ba ne na dangin uba da na uwa su koma nuna wa juna yatsa, domin babu tarbiyyar da take haifar da shi.

Abu ɗaya ne yake jawo wa waɗannan yara duka fiye da komai: suna iya danne fizgar na ɗan lokaci. Sai a ce, "Ai a gaban malami ba ya yi, iskanci ne." Kafin fizga ta fito yaro yakan ji wani matsi ko ƙaiƙayi a wurin, irin wanda mutum yake ji atishawa na tafe. Yana iya riƙewa minti biyar, wani ma awa guda, amma matsin ƙaruwa yake yi, kuma hankalinsa duk yana kan riƙon maimakon allo. Ya dawo gida, inda ya ji babu mai yi masa dariya, sai ya saki. Uwar da take ganin fizga ta fi yawa a gabanta ta sani cewa ita ce ya fi amincewa da ita.

Fizga ce ko waswasi?

Ciwon waswasi gida biyu ne. Akwai tunani mai naci da yake faɗo wa yaro ba da sonsa ba: ƙazanta, mutuwar iyaye, shakkar tsarki, mugun tunani game da addini. Akwai kuma aikin da yake yi don ya huce: wanki, dubawa, ƙirga, jera kaya, tambaya. Aikin yana ba shi sauƙi na 'yan mintoci, kuma wannan sauƙin ne yake koya wa ƙwaƙwalwa cewa haɗarin gaskiya ne, wankin ne ya kore shi. Gobe sai ta nemi ƙari. Ana lissafa shi ciwo idan yana cin fiye da awa guda a rana, ko yana hana karatu, barci ko zaman lafiya.

Hanyar rarrabewa mafi sauƙi ita ce a tambayi yaron cikin natsuwa, "In ba ka yi ba, me zai faru?" Idan ya ce babu komai, jikinsa ne kawai zai matse shi, to fizga ce. Idan ya ce Umma za ta yi rashin lafiya, ko sallarsa ba za ta karɓu ba, waswasi ne. Sai dai a wajen masu Turet akwai wani yanki na tsakiya mai rikitarwa. Yaro ya taɓa tebur da hannun dama, dole ya taɓa da hagu. Ya sake rubuta harafi har takarda ta huje. Ka tambaye shi ya ce, "Bai yi daidai ba ne kawai." Babu tsoro a ciki, akwai jin cewa abu bai cika ba. Irin wannan akan yi masa horon waswasi da za a bayyana a gaba, musamman idan yana da ƙa'ida ko adadi, kamar sau huɗu ko sai an daidaita ɓangare biyu.

Kafin a yanke hukunci

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba a kore. Na farko farfaɗiya: mai fizga yana cikin hayyacinsa, yana amsa kira, yana tuna abin da ya faru. Yaron da yake ɗaukewa ya ƙura ido bai san inda yake ba, gwajin farfaɗiya yake buƙata. Na biyu ya fi shafar mu, domin ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro har yanzu yana nan a ƙasashenmu. Makonni ko watanni bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba, yaro yakan fara wani motsi kamar rawa, marar tsari, abu yana suɓuce masa, rubutunsa ya lalace, wani lokaci har da waswasi. Wannan ba Turet ba ne. Yana buƙatar a duba zuciyarsa a sa shi a kan fenisilin na tsawon lokaci. Duk motsi ko waswasin da ya faɗo cikin kwana ɗaya ko biyu, ballantana da zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi, asibiti za a nufa a ranar.

Wurin da ya dace shi ne sashen yara ko na lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri. Fizga takan ɓuya a gaban likita, don haka a ɗauki bidiyon minti ɗaya a waya, ba tare da an kunyata yaron ba. A rubuta shekarar da kowace fizga ta fara, da awannin da waswasi yake ci. A kuma faɗi idan yaron ba ya iya zama wuri ɗaya ko tattara hankali, domin wannan matsalar, da ake kira ADHD, tana tare da kusan rabin masu Turet, kuma sau da yawa ita ce take kayar da yaro a makaranta, ba fizgar ba.

Turet hawa da sauka yake yi, makonni yana sama, makonni yana ƙasa. Iyaye sukan nemi taimako lokacin da ya kai ƙololuwa, wato daidai lokacin da zai sauka ko an yi magani ko ba a yi ba. Shi ya sa duk abin da aka ba yaro a wannan makon, rubutu ko sassaƙe ko ƙwaya, sai a ga kamar shi ya yi aiki, in abin ya dawo a sake kashe kuɗi. Ba a auna magani sai da wata biyu zuwa uku. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba su hana zuwa asibiti, amma duka da sunan fitar da aljani, da hayaƙin barkono, da ɗaurewa, cutarwa ce tsantsa, kuma firgici ƙara fizga yake yi.

Abin da ake yi wa fizga

Fizgar da ba ta jawo ciwo, ba ta hana karatu, ba ta sa yaro gudun mutane, ba sai an yi mata magani ba. Ƙungiyar likitocin jijiyoyi ta Amurka, a jagorarta ta 2019, ta yarda da zuba ido a irin wannan hali. Aikin gida shi ne a daina magana a kanta. Babu "daina", babu harara, babu "ka sake yi". Ambatonta kaɗai yana tayar da ita. Gajiya, fargaba, ɗoki da rashin barci ma haka. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. A wasu yara shayi mai ƙarfi, goro da lemon kwalba mai sa kuzari suna ƙara ta. Abin da yake cinye hankali gaba ɗaya, irin su ƙwallo, zane ko kiɗa, yakan kwantar da ita.

Idan tana cutarwa, abin da ake fara gwadawa horo ne da ake kira CBIT. Tushensa wata dabara ce ta 1973 ta sauya ɗabi'a. A binciken da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga a 2010, an raba yara 126 'yan shekara 9 zuwa 17 gida biyu, aka ba rukuni ɗaya wannan horon, zama 8 cikin mako 10. Kashi 52.5 cikin ɗari na waɗanda aka horar sun sami sauƙi sosai, a ɗaya rukunin kuwa kashi 18.5.

Ga yadda yake tafiya. Ana jera fizgogin, yaron da kansa ya zaɓi wadda ta fi damunsa, a yi aiki a kan guda ɗaya a mako. Da farko ana koya masa kama ta: ya ɗaga yatsa duk sanda ta fito, sannan ya ɗaga tun daga jin matsin da ke gabanta. Sai ya ƙware a nan ake ba shi kishiyar motsi, wato motsin da ba zai yiwu a haɗa shi da fizgar a lokaci guda ba, wanda kuma mutane ba za su lura da shi ba. Mai ɗaga kafaɗa ya manna gwiwar hannunsa a haƙarƙari ya danna kafaɗun ƙasa. Mai jefa kai baya ya ɗan sunkuyar da haɓa ya ɗaure jijiyoyin wuya. Mai gyaran murya ya rufe baki ya ja numfashi a hankali ta hanci. Mai jan hanci ya yi numfashin ta baki. Yana riƙe kishiyar minti ɗaya, ko har matsin ya kwanta, duk wanda ya fi tsawo. A gida ana keɓe minti 15 zuwa 30, sau 3 ko 4 a mako, mutum ɗaya ya zauna da shi.

Wurin da abin yake lalacewa sananne ne. Ana tsallake matakin kama ta, a ba yaro kishiya alhali bai san sanda fizgar take zuwa ba. Ko ya saki kishiyar bayan daƙiƙa goma, matsin bai kwanta ba, ya ce ba ta aiki. Ko mai taimakon ya zama ɗan sanda yana bin sa yini guda. Abin da ake yabawa shi ne amfani da kishiyar, ba rashin fizga ba, kuma tunatarwa sau ɗaya ce, a hankali: "Ka tuna atisayenka." Yaron da bai kai shekara 8 ko 9 ba sau da yawa bai fara gane matsin ba, kuma wanda fizgar ba ta dame shi ba, iyayensa take damu, horon ba ya kama shi.

Abin da ake yi wa waswasi

Nan aikin iyali ya fi nauyi, domin waswasi ba ya tsayawa a kan yaron, gidan duka yake ɗauka aiki. A kalli dare ɗaya. An idar da isha'i, yaro ya zo bakin ƙofa: "Umma, na wanke hannuna da kyau?" Ta ce e. Ya tafi, ya dawo: "Kin tabbata? Kin gani da idonki?" Ta ce ta gani. "Ki rantse." Ta gaji, gobe akwai makaranta, ta rantse. Ya kwanta. Ita tana ganin ta kwantar masa da hankali, alhali ta yi masa wankin ne da bakinta. Haka keɓe masa kofi, wanke masa kaya sau biyu, hana ƙannensa shiga ɗaki, jiran sa awa guda kafin a fita. Kowanne yana sayen zaman lafiyar dare ɗaya, ciwon yana ƙara faɗi.

Maganinsa horo ne na tunkarar abin tsoro tare da ƙin yin aikin hucewa. Ana fara ba ciwon suna, yaron ya raɗa masa da kansa, don a raba shi da shi: ba shi ake faɗa da shi ba, shi da iyayensa ne suke faɗa da wani abu na uku. Sannan a gina tsani. A rubuta duk abin da yake gudu, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. A fara daga mai maki 3 ko 4, ba daga sama ba. Misali, ya taɓa mariƙin ƙofa ya jinkirta wanki minti 5, sannan 15, sannan ya ci abinci da wankin hannu ɗaya irin na kowa. A gaba, alwala da buta ɗaya, Abba yana tsaye. A can sama, kabbarar harama ɗaya, ba yankewa. A kowane mataki yana zama cikin fargabar yana faɗin makinta duk bayan 'yan mintoci, har ya gani da kansa cewa tana hawa, ta tsaya, ta sauka, ba tare da ya yi komai ba. Ana maimaita mataki kullum, ba a hawa na gaba sai wannan ya zama ba komai ba. A lura da aikin ɓoye: yaro yana iya barin wanki ya koma ƙirga a zuci, ko ya goge hannu a riga.

A wani babban gwaji da aka buga a 2004 a kan yara 112 'yan shekara 7 zuwa 17, bayan mako 12, kusan kashi 54 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa wa horo da ƙwayar sertralin sun warware, horo kaɗai kashi 39, ƙwaya kaɗai kashi 21, ƙwayar da babu magani a cikinta ƙasa da kashi 4. Da aka koma aka duba yaran da suke da fizga a cikinsu, sai aka ga ƙwaya ita kaɗai ba ta yi musu wani abin kirki ba, horon kuwa ya yi. Ga yaro mai Turet da waswasi, horon nan shi ne gaba.

Masu wannan horo ba su da yawa a wurinmu, amma rage biyewa abu ne da iyaye suke iya farawa. A jami'ar Yel ta Amurka ma an tsara wani shiri da iyaye kaɗai ake horarwa, ba a ko zama da yaron. A zaɓi abu ɗaya tak, a ce tambayar dare. A sanar da shi da rana, lokacin yana cikin natsuwa: daga yau amsa ɗaya ce. In ya dawo, Umma ta ce, "Na amsa maka. Wannan ta biyun waswasi ne yake tambaya. Na san da wuya, kuma na san za ka iya jurewa." Rabin maganar yarda ce da wahalarsa, rabin kuma amincewa ce da ƙarfinsa, kuma ba a yar da ko ɗaya. Idan tambayoyin sun kai talatin a yini, a ba shi kati 10, kowace tambaya kati ɗaya, a riƙa ragewa duk mako.

A shirya: kwanakin farko abin ƙaruwa yake yi. Zai yi kuka, zai ce ba a son sa. Idan aka jure dare uku aka sallama a na huɗu, an koya wa ciwon cewa naci yana biya, kuma karo na gaba zai fi tsawo. Shi ya sa ba a farawa sai uba da uwa, da kaka, da abokiyar zama idan akwai, sun zama baki ɗaya. Kaka mai tausayi da za ta amsa ta bayan gida tana iya warware aikin wata guda.

Inda waswasin ya shiga ibada, malamin Islamiyya babban abokin aiki ne, domin fiƙihunmu ya daɗe da sanin wannan. Littafin Ahalari da yara suke karantawa ya faɗa a babin ƙabli da ba'adi cewa mai waswasi ya watsar da shi, kada ya sake kawo abin da ya yi shakka a kansa, ya yi sujada bayan sallama. Wanke gaɓa iyakarsa sau uku. A Sahihu Muslim, da sahabbai suka kai kukan tunanin da suke jin nauyin furtawa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Yaron da yake ɓoye mugun tunani yana zaton ya kafirta yana buƙatar ya ji wannan. Amma a faɗa masa sau ɗaya. Idan ya koma tambayar malam kullum, fatawar ma ta zama buta ta huɗu. A gidan Kirista ma haka abin yake da yawan neman gafara da maimaita addu'a, fasto ne zai tsaya a wannan matsayi.

Magunguna

Likita ne yake rubutawa, ba mai kemis ba. Ga fizga, akan fara da klonidin ko gwanfasin, musamman idan akwai ADHD. Suna sa barci, suna saukar da bugun jini, kuma ba a yanke su farat ɗaya, domin jini yana iya hawa. Waɗanda suka fi ƙarfi su ne risperidon, aripiprazol da haloperidol. Illarsu ƙiba, kasala da sandarewar jiki, don haka a auna nauyin yaro duk wata, a duba sukarin jininsa lokaci zuwa lokaci. Idan wuya ya murɗe, harshe ya fito ko ido ya juye sama bayan fara irin waɗannan, illar maganin ce, ba aljani ba, kuma a asibiti allura tana warware ta. Babu maganin da yake share fizga kakaf. Ragewa ake nema.

Ga waswasi akwai sertralin, fluoksetin da danginsu. Ba a cewa sun gaza sai an sha mako 8 zuwa 12 a kan adadin da ya isa, kuma yawancin masu cewa bai yi ba a mako na uku suka ajiye. A makonnin farko, da duk sanda aka ƙara adadi, a sa ido a kan rashin natsuwa, rashin barci ko maganar mutuwa, a koma wurin likita nan take. Bayan an sami sauƙi ana ci gaba wata 6 zuwa 12, sannan a janye a hankali. Kafin azumi a tattauna lokutan sha, domin yaran da ciwon ya fi tsananta musu su ne masu fara azumi, ga kuma barci yana raguwa.

Fizgar wuya mai ƙarfi da take sa hannu mutuwa ko rauni, tsokanar ido, cizon leɓe har jini, ƙin ci da sha saboda tsoron ƙazanta: waɗannan ba a jira ranar komawa asibiti.

Makaranta da sauran 'yan gida

A je a ga malami tun farkon zango, da takardar likita. Buƙatun kaɗan ne: kada a doke shi ko a kira sunansa a kan fizga, ya zauna a gefe kusa da ƙofa, a yarda da wata alama da zai yi ya fita minti 5 ya dawo, a jarrabawa a ba shi wuri daban da ƙarin lokaci. A masallaci ya tsaya a ƙarshen sahu. A koya masa amsa gajeriya ga mai tambaya: "Jijiya ce, ba a ɗauka." Yara sukan daina tsokana idan babba ya yi musu bayani sau ɗaya a fili, amma sai da yardarsa.

Wasu daga cikin yaran suna yin fushi mai fashewa a kan abu kaɗan, su yi barna, sannan su dawo suna kuka da nadama. A tsakiyarsa ba a wa'azi. A janye ƙanne, a rage magana, a bar shi ya huce, sannan ya gyara abin da ya ɓata. Ciwon yana bayyana dalilin abin, bai ɗauke gyaran ba. 'Yan'uwansa kuwa a faɗa musu gaskiya daidai shekarunsu, kada a sa su cikin hidimar waswasi, kuma a keɓe wa kowannensu lokacinsa, domin su ne suke yin shiru suna haɗiyewa.

Waswasi yakan kai ƙololuwarsa bayan fizga ta fara sauka, kuma ya fi ta bin mutum zuwa girma. Iyayen ɗan shekara 14 da suka ga kafaɗa ta kwanta su ci gaba da lura da tsawon alwala da yawan sabulun da ke ƙarewa. A ajiye littafin tsanin. Idan abin ya motsa, lokacin jarrabawa ko tafiya makarantar kwana, a koma mataki biyu baya a sake hawa daga nan, a cikin makon da aka lura.